Kufan Masana'antu: Wa Zai Biya Kuɗin Wanke Ƙasa?

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Kwanar Huguma ta shiga Birnin Kudu, ya zarce Gwaram har Basirka a tsakiyar damina, zai riƙa ganin tafkuna jefi-jefi a gefen titi. Da yawansu ba ruwa ne ya haƙa su ba. Ramuka ne da 'yan kwangila suka ɗebi burji da marmara lokacin aikin hanya, da aiki ya ƙare suka loda katafilarsu suka ƙara gaba.

Yanzu yara ke wanka a ciki, masu buga bulo na ɗibar ruwa, makiyaya na shayar da shanu. Bakin ramin a tsaye yake, ba gangare, don haka yaron da ƙafarsa ta zame ba shi da abin dafawa. Da wuya damina ta wuce a Jigawa ba a ji 'yan sanda ko jami'an sibil difens sun ba da sanarwar yaron da ya nutse a kududdufi ba.

Ramin burji ma dai ido na ganinsa. Akwai filin da kamfanin hanya ya shekara yana dafa kwalta, baƙin mai da dizal suka jiƙa ƙasar. Akwai gidan man da aka rufe, tankinsa na nan binne yana cin tsatsa. Akwai bayan garejin da ake tuttular da ruwan batir. Duk waɗannan wata rana za a yanka su fuloti, wani bawan Allah ya saya, ya yi gini, ya haƙa rijiya a tsakar gida.

Birnin Kudu da Gwaram ba garuruwan masana'antu ba ne. Noma ne da kiwo, da kasuwa irin ta Sara, sai duwatsun da ake fasawa a sayar da tsakuwa. Amma masana ilimin duwatsu na sanya tsaunukan Fagam da Kila cikin dangin waɗanda suka ba Jos da Riruwai kuza, kuma babu gwamnatin da ta zo Dutse ba ta yi zancen jawo masu zuba jari a ma'adinai da masana'antu ba. Kafin su iso, ya kamata a leƙa Kano, wadda kafin 27 ga Agustan 1991 jiha ɗaya ake da ita, a ga abin da masana'anta ke bari idan ta mutu.

Gadon da Kano ta ci

A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, Bompai da Sharada da Challawa cike suke da ma'aikata. Masaƙu, majemu, kamfanonin roba, na sabulu, na man gyaɗa, na kwanon sha. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 al'amura suka fara lalacewa: Naira ta faɗi, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari. Ɗaruruwan masana'antu suka rufe.

Wasu sun koma sito, ana jibge shinkafa da taki. Wasu an rushe an yi shaguna ko rukunin gidaje. Wasu na nan ƙofa a garƙame, maigadi na noman masara a harabar.

Majema ta fi kowacce barin ɓarna. Jimar gargajiya da bagaruwa da toka ake yin ta, abin da ya zuba ƙasa ruɓewa yake yi. Ta zamani kuwa da gishirin kiromiyam ake yi, da farar ƙasa da sinadarin salfayid mai tuge gashi. Kiromiyam ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Idan ma aka ƙona tarkacen fatar da aka jeme da shi, yana iya rikiɗewa ya koma nau'in da ke jawo ciwon daji.

Dagwalon Bompai ta rafin Getsi yake bi ya faɗa Jakara, ya tafi dam ɗin Wasai. Na Sharada ta Salanta yake gangarawa kogin Challawa, inda na rukunin masana'antun Challawa ma ke zuba. Shekara da shekaru masu bincike daga Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello na auna ruwa da ƙasa da kayan lambun da ake nomawa a bakin waɗannan rafuka, suna samun kiromiyam da dalma da kadmiyam fiye da ƙima. Shi kuma kogin Challawa, da ya haɗu da kogin Kano ya wuce Wudil, shi ne ke ratsa Ringim ya nufi Haɗejia. Jigawa na ƙasan ruwa.

Gwamnatin tarayya ta taɓa ba da kwangilar gina wuraren tace dagwalo a waɗannan rukunoni uku. Aiki ne mai kyau, amma ruwan masana'antar da ke raye yake nufi. Ƙasar wadda ta mutu, da laka mai guba da ta kwanta a tsohuwar kwatarta, ba sa cikin lissafin.

Abin da ke kwance a ƙarƙashin kango

Kowace sana'a da irin abin da take bari. Masaƙa na barin rini da sinadaran wanke zane. Kamfanin batir na barin dalma. Tsofaffin taransifoma na ɗauke da wani mai da ake kira PCB, wanda yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa cikin gubobin da duniya ta amince a kawar. Rufin asbestos na tsofaffin gine-gine ba ya cutarwa yana zaune lafiya, sai ranar da 'yan rusau suka farfasa shi da guduma ba ko ƙyalle a hanci, ƙurar ta shiga huhu.

Gyaran ma iri-iri ne. Ana iya kankare ƙasar sama a kai ta rami na musamman da aka shimfiɗe da yumɓu ko leda mai kauri. Ana iya wanke ƙasar da inji. Ana iya danne ta da kankare idan wurin ajiye motoci za a yi. Idan gubar ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa, aikin na iya cin shekaru ana zuƙowa ana tacewa. Kafin duk wannan sai an yi awo: a haƙa nan da can, a kai samfur ɗakin gwaji. Awon ne mafi araha, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Darasin Bagega

Wurin da aka yi irin wannan aiki gadan-gadan a ƙasar Hausa shi ne Zamfara, kuma sai da aka binne yara kimanin 400 sannan aka yi.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwaji ya nuna gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da dalma, ana kawo shi gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. A lokacin Amurka na ɗaukar kashi 400 cikin miliyan a matsayin iyakar dalmar da za a lamunta a ƙasar da yara ke wasa. A wasu wuraren niƙan dutse a Zamfara an samu abin da ya haura 100,000.

Aikin gyaran ba wani siddabaru ba ne. Matasan gari da shebur da fartanya da baro, ƙwararrun kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith na auna musu, a kankare ƙasar sama gida-gida, a zuba a buhu a kai ramin binnewa, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma, aka bi Abare da Sunke da sauransu, ƙauyuka bakwai cikin 2010 da 2011, da kuɗin ƙungiyoyin agaji da na gwamnatin jiha.

Sai aka zo Bagega, wadda ta fi su duka girma, kuɗi suka ƙare. MSF ta ce ba za ta fara ba yara maganin fitar da dalma daga jini ba, domin yaron da aka yi wa magani ya koma gidan da ba a gyara ba, an yi aikin banza. Yara kimanin 1,500 suka zauna jira.

A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850. Damina ta zo ta wuce, kaka ta wuce, shiru. Sai da wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal na Follow The Money, suka tayar da ƙura a intanet, Human Rights Watch ta sa baki, Sanata Bukola Saraki da ke shugabantar kwamitin muhalli ya je garin da kansa, sannan aka saki kuɗin a ƙarshen Janairun 2013. Aikin kansa watanni kaɗan ya ci.

Shekara biyu bayan haka, a 2015, abin ya maimaita kansa a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja. Yara 28 suka rasu, aka sake zaman jiran kuɗi har shekara ta zagayo.

Abin lura a nan: ilimin gyaran akwai shi, ma'aikata akwai su, kuɗin ma ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da kasafin ƙasa. Abin da babu shi ne aljihun da aka san nan za a sa hannu a ɗauko ranar da abu ya faru.

Wanda ya ci ladan kuturu

Ka'idar da duniya ta yarda da ita ita ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Bahaushe ya riga su: kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Najeriya ta taɓa aiwatar da wannan da ƙarfin tsiya. A 1988 aka gano wani ɗan kasuwar Italiya ya jibge tan dubu uku da ɗoriya na shara mai guba a garin Koko, da ke jihar Delta a yanzu, yana biyan mai filin dala 100 a wata. Gwamnatin Janar Babangida ta kira jakadanta gida, ta tsare jirgin ruwan Italiya, dole Italiya ta kwashe kayanta. Daga nan aka kafa hukumar muhalli ta tarayya FEPA a shekarar, dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta biyo baya a 1992, sai hukumar NESREA a 2007.

A Koko an yi sa'a mai laifin na da gida da suna, da ƙasar da ke jin kunya. Matsalar kufan masana'antu ita ce sau da yawa wanda ya ci ladan ya daɗe da tafiya. Kamfanin ya karye, mai shi ya rasu ko ya koma ƙasarsu, banki ya riƙe takardun filin, magada na kotu.

Dubi Kakuri a Kaduna. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Kamfanin da bai biya mutumin da ke tsaye a bakin ƙofarsa yana kuka ba, yaushe zai biya ƙasar da ba ta magana? Kuma masu KTL ba wasu baƙi ba ne, jihohin Arewa 19 ne, har da Jigawa.

Ko inda mai laifin ke da rai da kuɗi, abin ba ya sauri. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan gurɓatar da man fetur ya yi wa ƙasar Ogoni ya fito a watan Agustan 2011, ya ce a fara da dala biliyan ɗaya, gyaran kuma zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Sai a Yunin 2016 aka ƙaddamar da aikin a Bodo, kuma har yau ana taƙaddama kan ingancin 'yan kwangilar da hukumar HYPREP ta ba aiki.

Asusun da kowa ke sa wa ido

Idan mai laifi ya ɓace, ido kan koma kan gwamnati. Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli da ake yanka daga asusun tarayya, wajen kashi biyu cikin ɗari, gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowa na da rabonsa. Wato Birnin Kudu da Gwaram ma ana lissafa nasu kason duk wata.

Sai dai masu jiran wannan kuɗi sun yi yawa. A Jigawa ambaliya ce ke gaba. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a 2022, gidaje da gonaki da rayuka sama da ɗari, ba zai zargi gwamnan da ya ɗauki kuɗin muhalli ya yi jinga da yashe kogi ba. Gurɓatacciyar ƙasa a hankali take kisa, ba ta fitowa a labaran ƙarfe bakwai, saboda haka kullum tana ƙarshen layi.

Ga kuma ɓera. Jihar Filato na da tafkunan tsofaffin ramukan kuza fiye da dubu, gadon haƙar da Turawa suka fara tun farkon ƙarni na 20. A 2001 aka ba jihar cakin sama da Naira biliyan ɗaya daga asusun muhalli. A Yunin 2018 kotu a Abuja ta ɗaure tsohon gwamna Joshua Dariye saboda karkatar da kuɗin, aka yi masa afuwa a 2022. Tafkunan na nan.

Akwai kuma rancen Bankin Duniya, irin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Shi ma zaizayar ƙasa da hamada da farfaɗo da gonaki ya fi mayar da hankali a kai. Ramin burji zai iya samun shiga idan jiha ta rubuta shi cikin buƙatunta, amma harabar majema a Sharada da wuya.

Filin da zai iya biyan kuɗin wankansa

A nan ne, a ganina, ake haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Gurɓataccen fili a tsakiyar Kano daban, gurɓataccen fili a bayan Kila daban.

Bompai da a da take bakin gari, yau tana tsakiya. Eka ɗaya a can kuɗi ne na fitar hankali. Ga titi, ga layin wuta, ga kwata. Irin wannan fili ba ya buƙatar sadaka daga Abuja. Ribar da mai gini zai samu idan ya mayar da tsohuwar masana'anta rukunin gidaje ta isa ta biya awo da gyara, ta bar masa canji. Abin da ya rage shi ne wanda zai tilasta masa.

Makamin na hannun gwamna. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa masa filayen birni amana, ba a sayar da fili mai takardar mallaka sai da amincewarsa, ba a sauya shi daga na masana'anta zuwa na zama sai hukumar tsara birni ta sa hannu. Sharaɗi ɗaya za a ƙara: kawo sakamakon awon ƙasa da na ruwa daga ɗakin gwajin da aka yarda da shi. Idan akwai guba, gyara kafin a ba ka izini. Gwamnati kuma ta saka maka da rangwamen kuɗin takarda da harajin fili na wasu shekaru.

Haka ake yi a wasu ƙasashe. Ingila na ba kamfanin da ya gyara filin da ba shi ya ɓata ba damar cire kashi 150 cikin ɗari na abin da ya kashe daga ribar da za a caje shi haraji. Filin wasannin Olamfik na Landan na 2012 a kufan masana'antun Stratford aka gina shi, bayan an tono an tsabtace ƙasa kusan tan miliyan biyu.

Amurka kuwa da wuta ta koya. A garin Niagara Falls, kamfanin Hooker ya binne kimanin tan dubu 21 na sharar sinadarai a wani tsohon rami da ake kira Love Canal, ya rufe da ƙasa, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantu filin a kan dala ɗaya. Aka gina firamare, unguwa ta kewaye ta. A 1978 sai ga guba na tsattsafowa cikin gidaje, aka kwashe iyalai ɗaruruwa. Wannan ya haifi dokar Superfund ta 1980: a bi mai laifi ko'ina yake, idan ba a same shi ba a yi gyara da harajin da aka ɗora wa kamfanonin mai da na sinadarai. Harajin ya ƙare a 1995, aikin ya yi ta jan ƙafa, sai a 2021 aka dawo da na sinadarai.

Duk mai kyautar da tsohon filin kamfani a gina Islamiyya ko asibiti, Allah ya ba shi lada, amma a auna ƙasar tukuna.

Ra'ayi ya rabu

Masu masana'antu na da ƙorafinsu, kuma ba na banza ba ne. Wanda ke ƙona dizal dare da rana don injinsa ya juya, yana biyan harajin tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, ga jami'ai iri-iri da ke zuwa da rasit, idan ka ce masa ga sabon kuɗin muhalli, zai ce so ake a ƙarasa 'yan kaɗan da suka rage. Zai kuma tambaya: wanda na biya a baya ina ya tafi?

Dillalan filaye ba sa son zancen awo kwata-kwata. Fili da zarar an ce an gwada shi, ko lafiya aka same shi, farashi ya taɓu. Amma malaman fiƙihu sun daɗe da yanke hukuncin kayan da aka sayar da ɓoyayyen aibi: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana, in ya ɓoye mai saye na da ikon mayarwa. Idan hakan ya shafi saniya mai ciwon da ba a gani, ban ga dalilin da ba zai shafi fulotin da ruwan rijiyarsa ke warin fetur ba. Kotunan shari'a na Kano da Jigawa ba sa buƙatar sabuwar doka kafin su saurari irin wannan ƙara.

Mai lambu a bakin Jakara kuma, idan ka ce ya bar ruwan, sai ka nuna masa wani. Ruwan dagwalo ba ya ƙafewa da rani, har taki yake ɗauke da shi, latas na fitowa shar. Duk tsarin gyaran da bai tanadi abincin wannan mutum ba, da dare zai dawo ya fasa shingen.

Su kuwa jami'an hukumomin muhalli na jihohi, irin JISEPA a Jigawa, akasarin ƙarfinsu a kwashe shara da yashe magudanai yake ƙarewa. Ma'adinai kuma ba ma hurumin jiha ba ne. Lasisin fasa dutse daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja yake fitowa, sau da yawa dagaci sai dai ya ga motoci sun iso.

Arlit: kuɗin da ke hannun mai tafiya

Maƙwabtanmu na Nijar na da nasu darasin. Mahaƙar yuraniyom ta COMINAK da ke Akokan kusa da Arlit ta fara aiki a 1978, ta rufe ranar 31 ga Maris na 2021. Ta bar tulin sharar dutse mai tururin nukiliya kimanin tan miliyan 20 a fili, iska na kaɗawa.

Kamfanin Orano na Faransa, mai gudanar da mahaƙar, ya ce zai kashe wajen Yuro miliyan 150 cikin shekara goma, ya lulluɓe tulin da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen da masu binciken CRIIRAD na Faransa sun yi ta nuna shakku kan ko hakan zai kare ruwan sha. Sai ga juyin mulkin Yulin 2023, dangantakar Yamai da Faris ta yi tsami, a Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta ƙwace ɗaya mahaƙar kamfanin, SOMAIR. Kowa ya zaɓi ɓangaren da yake so a wannan rigima, amma alkawarin gyaran da ke cikin aljihun kamfani, a wata ƙasa, ƙarfinsa bai wuce ƙarfin zumuncin da ke tsakani ba.

Kafin katafila ta sauka a Fagam

Mu dawo kudancin Jigawa. Dabarar Bompai ba za ta yi aiki a nan ba. Eka ɗaya a bayan gari a Gwaram, ko an gyara ta tas, kuɗinta ba zai kai na dizal ɗin motar da za ta cike ramin ba. Ba mai ginin da zai zo ya yi gyara don riba. Idan kamfani ya tafi bai gyara ba, shi ke nan an bar wa gari.

Saboda haka kuɗin gyara a irin wannan wuri lokaci ɗaya ake iya karɓarsa: lokacin da kamfani ke neman shiga, yana fara'a, yana kai wa hakimi gaisuwa.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi haka. Mai lasisi zai gabatar da tsarin gyaran wuri, ya zuba kuɗi a asusun kare muhalli da farfaɗo da shi, ya kuma ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Kowace jiha na da kwamitin ma'adinai da muhalli da ake kira MIREMCO, inda take da bakin magana. Abin takaici, idan aka zauna rubuta yarjejeniya, abin da gari ke nema bai wuce borehol da ajujuwa biyu da ɗaukar matasa gadi ba. Ba laifi a nemi waɗannan. Amma shafin da ya fi su tsada shi ne wanda zai ce: ramin nan, wa zai cike shi, da wane kuɗi, kuma kuɗin yana wane banki?

Aikin hanya ya fi sauƙi, don kuɗin na hannun gwamnati tun farko. A al'ada ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai an tabbatar aiki bai lalace ba. Ma'aikatar ayyuka na iya cewa ba za a saki wannan kaso ba sai injiniya da shugaban ƙaramar hukuma sun sa hannu cewa an gyara ramin burji. Ba lallai a cike shi ba ma. A karya bakinsa ya zama gangare, a ware gefen shayar da dabbobi, a kewaye mai zurfin, a zuba kifi a damƙa wa ƙungiyar matasa. A yankin da ruwa ke wuya daga Fabrairu, tafki dukiya ne idan an tsara shi. Filin da aka dafa kwalta kuma a kankare shi kafin a mayar wa mai gona.

Sai rajista. Ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallakar filayen karkara, kuma masu unguwanni sun san kowane kango da tarihinsa: nan gidan mai ne a da, nan an taɓa narka batir, nan sito ne na maganin feshi. Littafi ɗaya a sashen filaye na sakatariyar Birnin Kudu, wani a ta Gwaram, ya isa ya hana a yanka wa marayu fuloti a kan tankin fetur. Dattawan da suka san waɗannan wurare ba za su dawwama ba.

Saura matsala ɗaya da ke iya rusa tsarin ajiya gaba ɗaya, wato faɗuwar Naira. Miliyan 850 ɗin Bagega a farkon 2013 ta haura dala miliyan biyar. A canjin 2025, wannan adadi bai kai dala dubu 600 ba. Kamfanin da ya ajiye kuɗin cike rami yau, ya yi shekara goma sha biyar yana fasa dutse, ranar da zai tafi ajiyar ba za ta sayi tayoyin katafila ba. Don haka ko dai a riƙa sake ƙiyasta ajiyar duk bayan shekara biyu ko uku yana cikawa, ko a ɗaura ta da kowace tifa da ta fita, ko kuma a hana shi buɗe sabon rami sai ya rufe wanda ya gama da shi.